'Ba wannan na saya ba': Yadda rikicin lamba da kala ke cinye ribar masu sayar da kaya ta intanet a Sokoto

Duk wanda ke sayar da kaya ta waya a Sokoto ya san wannan saƙo. An ɗaure kaya, an kai tasha, an biya kuɗin mota, bayan kwana biyu sai murya ta shigo daga Legas ko Abuja: takalmin ya yi kaɗan, ko kuma hular ba kalar da aka gani a hoto ba ce.

Daga nan ciniki ya koma shari'a. Mai saye na neman kuɗinsa, mai kaya na laluben tsofaffin saƙonni domin ya gano inda aka ce lamba 43 da inda aka ce 42. Ko da an sasanta, kuɗin mota zuwa da dawowa a tafiyar da ta kai kusan kilomita 1,000 ya riga ya cinye ribar. Idan kuma kayan na Sallah ne, lokacinsu ya wuce.

Sau da yawa ba ha'inci ba ne ke kawo haka. Kaya ɗaya ne ke da fuskoki da yawa, shi kuwa mai shago bai tsara su a manhajarsa ta yadda mai saye zai zaɓa da hannunsa ba.

Sana'ar da ta saba da nisa

Sayar wa mutumin da ke nesa ba baƙon abu ba ne a Sokoto. Fatar jar akuyar Sokoto ta shafe ɗaruruwan shekaru tana ƙetare Sahara a kan raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai inda ake kiranta fatar Maroko. Har yau dukawan birnin na ɗinka takalma da jakunkuna da tumtum da zabira, kuma da yawa daga cikin masu sayensu ba mazauna jihar ba ne.

A da fatake ne ke tsakanin mai yi da mai saye, su taɓa kaya su gwada kafin su biya. Yanzu hoto ne a waya ya maye gurbinsu. Ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya ƙara tura mutane ga biyan kuɗi ta taransfa, ta yadda mai shago a Babbar Kasuwar Sokoto ke iya karɓar kuɗin wanda bai taɓa gani ba.

Sai dai hoto ba ya faɗin lamba, ba ya faɗin yadi nawa ne, ba ya kuma faɗin ko kalar da aka nuna ta ƙare tun jiya.

Takalmi ɗaya, kaya 48

Manhajojin kasuwanci na intanet sun raba al'amarin gida biyu, kuma fahimtar wannan rabo shi ne tushen komai.

Na farko shi ne siffa, wato abin da ake tambayar mai saye: lamba nawa, wace kala, wane irin ƙasa. Na biyu shi ne nau'i, wato ainihin abin da za a ɗauko a kanta a saka a leda, misali baƙin takalmi lamba 43 mai ƙasan roba.

A ɗauka wani baduku na da samfurin takalmi guda. Yana yin sa daga lamba 40 zuwa 45, lambobi shida ke nan. Yana da kala huɗu: baƙi da ja da ruwan ƙasa da ruwan madara. Ƙasan kuma iri biyu ne, na roba da na fata.

Shida sau huɗu 24, sau biyu 48. A idonsa takalmi ɗaya yake sayarwa, amma a lissafin manhaja kaya 48 ne, kowanne da adadinsa, wani ma da farashinsa daban. Idan ya ƙara zaɓin ɗinki iri uku, adadin ya haura zuwa 144.

Haka lamarin yake ga mai hula, wanda ke auna kai da inci, 22 ko 22 da rabi ko 23. Haka ga mai shadda da ke yanka yadi biyar ko goma, da mai atamfa da ke sayar da turmi mai yadi shida, da mai turare da ke da kwalba ƙarama da babba.

Abin da kowace manhaja ke iya ɗauka

Mafi yawan ƙananan 'yan kasuwa da WhatsApp Business suke farawa. An fito da manhajar a 2018, aka ƙara mata kundin kaya a ƙarshen 2019. Kundin na ɗaukar kaya har 500, kowanne da gurbin suna da hoto da farashi da bayani da lamba.

Ga wanda ya ce zai jera kowane nau'i daban, samfuri 11 irin na badukun nan sun kai 528, sun wuce iyaka ke nan. Shi ya sa da yawa ke saka hoto ɗaya su rubuta "akwai duk lambobi", sauran bayani a ƙarasa ta saƙon murya. A nan kuskure ke shigowa.

Hanyar da ta fi sauƙi a WhatsApp ita ce a ware duk abin da hotonsa ko farashinsa ya bambanta a matsayin kaya mai zaman kansa, misali kowace kala da gurbinta, sannan a rubuta lambobin da suka rage a cikin bayani, a kuma riƙa gyarawa.

WooCommerce, wadda ke aiki a kan WordPress tun 2011, an gina ta ne da wannan rabo na siffa da nau'i. Mai shago zai shigar da siffofi, manhajar ta haɗa masa nau'o'in da kanta, kowanne da farashi da hoto da adadin da ya rage. Idan lamba 44 baƙi ya ƙare, sai shafin ya hana a saya.

Shopify na ba da damar siffofi uku ga kowane kaya. Ta daɗe tana iyakance nau'o'i a 100 kafin daga baya ta ɗaga adadin zuwa 2,048. Akwai kuma manhajojin gida Najeriya, irin su Bumpa da shagunan da Paystack da Flutterwave ke buɗa wa 'yan kasuwa, waɗanda ke karɓar naira kai tsaye. Wanda kuma ya kai kayansa Jumia ko Konga, tsarinsu zai bi wajen cike lamba da kala.

Kafin mutum ya biya kuɗin kowace manhaja, tambayoyi uku sun ishe shi: shin tana ƙirga adadin kowane nau'i daban? Tana barin kowace kala da hotonta? Ana iya sauya farashin kaya da yawa a lokaci guda daga waya?

Ba kowane zaɓi ne nau'i ba

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne mayar da duk abin da mai saye zai iya nema ya zama nau'i. Ma'aunin mai sauƙi ne. Idan abin yana zaune a kanta ana iya ƙirga shi, nau'i ne. Idan kuwa sai an yi oda za a yi shi, kamar rubuta suna a jikin jaka ko naɗe kaya a takardar kyauta, to gurbin rubutu ko ƙarin kuɗi ya kamata a ba shi.

Kuskure na biyu shi ne barin manhaja ta haɗa nau'o'in da ba a yin su sam. Idan baduku ba ya yin ruwan madara da ƙasan fata, sai ya goge waɗannan shida daga cikin 48 ɗin, in ba haka ba wata rana zai karɓi kuɗin abin da ba shi da shi.

Na uku ya shafi aikin hannu. Fata biyu ba sa shan rini iri ɗaya, hula biyu masu aikin allura ba sa fitowa daidai. Irin wannan kaya gara a ɗauki hotonsa shi kaɗai, a saka adadinsa ɗaya, wanda ya riga ya samu.

Rikicin kala

Hausa na da arzikin sunayen kala: ruwan toka, ruwan hoda, ruwan goro, ruwan omo, ruwan zuma, makuba. Matsalar ita ce abin da Basakkwace ke kira ruwan ƙasa, mai saye a Fatakwal na iya kiransa da wani suna, kuma fuskar waya ba ta nuna kala iri ɗaya daga wannan waya zuwa waccan.

Masu shagon da suka daɗe a harkar kan tsayar da suna ɗaya ga kowace kala, su rubuta shi da Hausa da Turanci, kada yau a ce shuɗi gobe a ce bula. Suna ɗaukar hoto a inuwa da hasken rana, domin fitilar shago da tsakar rana duk suna sauya kala. Kowace kala da hotonta, ta yadda idan mai saye ya taɓa "ja", jan ne zai bayyana.

Lamba ma haka. Takalmin hannu lamba 43 na wani baduku na iya zama 42 a wurin wani. Rubuta tsawon tafin ƙafa da santimita a gefen kowace lamba, da nuna yadda ake zagaya kai da tef kafin a zaɓi hula, na rage yawan kayan da ake dawowa da su.

Lambar da ke haɗa waya da kanta

Kowane nau'i na buƙatar gajeriyar lambar shaida, wadda manhajoji ke kira SKU. Ba sai ta yi wuya ba. TK1-BK-43 na iya nufin takalmi samfuri na ɗaya, baƙi, lamba 43. A rubuta ta a manhaja, a kuma manna ta a jikin leda ko kwali.

Amfaninta na fitowa ne lokacin da maigida ba ya nan. Yaron shago ba sai ya saurari saƙon murya ya yi hasashe ba, zai duba lamba ya ɗauko.

Akwai kuma matsalar kanta ɗaya mai ƙofa biyu. Takalmin ƙarshe lamba 44 wani ya shigo shago ya saya da azahar, ba a rage a manhaja ba, da la'asar wani ya biya kuɗinsa daga Kaduna. Maganin shi ne duk cinikin da aka yi hannu da hannu a shigar da shi nan take, ko kuma a ware kason intanet a gefe guda kada a taɓa.

Wannan rubutu na da wani amfanin. Gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwar Sokoto a watan Janairun 2021 ta cinye shaguna masu yawa. Littafin da ke cikin shago tare da kaya yake ƙonewa, amma lissafin da ke ajiye a intanet na nan, ya nuna abin da aka mallaka da abin da ake bin mutane.

Farashi da jari

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, farashin fata da yadi da kuɗin mota ba sa zama wuri ɗaya. Mai nau'o'i 48 da ke gyara farashi ɗaya bayan ɗaya zai manta da wasu, kuma su ne masu saye za su gano. Don haka gara a bar farashi ɗaya ga duk nau'o'in, sai inda kuɗin yin kayan ya bambanta da gaske.

Bayan wata uku ana rubutawa, lissafin zai fara magana. Mai shago zai ga wace lamba ke ƙarewa da wuri, wace kala ce ta kwana a kanta tun ƙaramar Sallah. Kowane nau'in da ba ya tafiya jari ne a kwance. Rage kaloli daga takwas zuwa huɗun da ake nema na sakin kuɗin da za a sayi fata kafin cunkoson azumi.

Haƙƙin mai saye

Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa idan suka saɓa da yadda aka siffanta su.

Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda aka fi bi a Sokoto, sun daɗe da tattauna sayar da abin da ba ya gaban mai saye. Sun halatta shi bisa siffantawa, tare da ba mai saye zaɓin fasawa idan kayan suka zo saɓanin siffar.

Ke nan abin da aka rubuta a shafi shi ne alƙawarin. Idan mai saye ne ya taɓa lamba 42 da hannunsa, takardar oda za ta nuna. Idan mai shago ne ya aika 43, ita ma za ta nuna, kuma shi zai ɗauki kuɗin mota.

Ga wanda ke son gyara kafin Sallah mai zuwa, ba sai ya taɓa shagon gaba ɗaya ba. Ya fara da kaya biyar da suka fi tafiya, ya ƙirga abin da ke kanta lamba-lamba da kala-kala, ya ba kowanne lambar shaida, ya ɗauki hoton kowace kala. Kafin a kai kaya tasha kuma, ya tura wa mai saye hoton ainihin abin da aka ɗaure tare da lambarsa, ya jira amsa a rubuce.