Ƙashin Da Muke Zubarwa: Darasi Daga Kwanon Taliyar Japan

Wannan watan hirarmu a kan ƙashi za ta tsaya, ƙashin nan da muke tsotsewa mu jefa wa mage, ko mu bar wa mahauci a kan teburinsa.

Ƙanena da ke karatu a ƙasar Japan ne ya jawo zancen, lokacin da ya zo hutu. Ya ce wata rana abokan karatunsa suka ja shi wani shagon abinci a birnin Fukuoka. Shagon ɗan ƙarami ne, amma layin mutane ya fito har titi, kowa yana jiran kwano ɗaya na taliya cikin romo, wadda suke kira ramen.

"Yaya, na ga hoton kaza a jikin allon shagon, sai hankalina ya kwanta," in ji shi. "Allah ya taimake ni na tambaya kafin a zubo. Mai dafawar ya ce ƙashin kaza ne da na alade a tukunya ɗaya."

Haka ya haƙura, ya koma ɗaki ya dafa shinkafarsa. Na yi masa addu'a, amma labarin ya bar ni da tunani biyu. Na farko, yadda haram ke iya ɓuya a cikin abin da ido ke gani halal ne. Na biyu, ashe akwai ƙasar da mutane ke bin layi saboda romon ƙashi, mu kuwa muna zubar da namu.

Mece ce ramen?

Asalin wannan taliya daga ƙasar Sin take, ta shiga Japan ta zama abincin gari. Shagon da ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara yayata ta an buɗe shi a unguwar Asakusa ta birnin Tokyo a 1910. Da fulawar alkama ake yin ta, ana kwaɓawa da wani ruwa mai kama da ruwan kanwarmu, shi ke sa ta danƙo da launin ɗorawa.

Amma darajar kwanon ba a taliyar take ba, a romon take. Akwai romon da suke kira tonkotsu, na ƙashin alade zalla, wanda ya samo asali a garin Kurume na yankin Fukuoka a 1937. Akwai na ƙashin kaza mai suna tori paitan. Shaguna da yawa kuma gauraya biyun suke yi. Sukan bar ƙashi yana tafasa awa 12 ko fiye, har ɓargo da kitse su narke su haɗe da ruwan, ya yi fari kamar madara.

Inda Musulmi zai yi hattara

Haramcin alade ba abin jayayya ba ne, ya zo a Suratul Baƙara aya ta 173 da Suratul Ma'ida aya ta 3. Malamai sun bayyana cewa hukuncin ya haɗa da kitsensa da ƙashinsa da romonsa. Don haka tsame yankan naman daga kwano ba ya halatta abin da ya rage.

A irin waɗannan shaguna, ko romon na kaza ne zalla, ana iya zuba masa kitsen alade, ko a ɗora yankan namansa a sama, ko a sa giyar girki ta shinkafa a cikin kayan ɗanɗano. Ga kuma tambayar yadda aka yanka kazar. Akwai shagunan ramen na halal a Tokyo da wasu manyan birane, sai dai neman su ake yi. Uwargida, in kina da ɗa ko miji mai fita waje karatu ko fatauci, ki koya masa tambayoyi uku: da ƙashin me aka yi romon, wane kitse aka sa, kuma akwai giya a ciki? Matambayi ba ya ɓata.

Yadda ta iso gidajenmu

Wataƙila ki ce ina ruwanki da abincin Japan. To ai jikarsa tana cikin kicin ɗinki. A 1958 wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando ya ƙirƙiro ramen busasshiya a leda, wadda ake dafawa cikin 'yan mintoci. Daga wannan dabara aka samu Indomie a ƙasar Indunusiya, wadda ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kuma kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun. Yau daga Funtua zuwa Bakori, Ƙafur da Malumfashi, da wuya ki ga teburin mai shayi babu taliyar leda.

Abin lura shi ne taliyar ta iso mana, romon bai iso ba. Abin da ke cikin ledar fulawa ce da aka soya da mai, sai ɗan ƙullin gishiri da kayan ɗanɗano. Tana cika ciki, amma ita kaɗai ba ta gina jikin yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, na yaro kuwa bai kai haka ba.

A ajina na Islamiyya nakan tambayi yara abin da suka ci kafin su taho. Da yawa amsarsu ɗaya ce: taliyar leda, babu ƙwai, babu ganye. Laifin ba na ledar ba ne, namu ne iyaye da muka mai da abincin gaggawa abincin kullum.

Ziyara gidan Iya mai taliya

Wannan tunani ya kai ni gidan wata dattijuwa a cikin garin Funtua, wadda ta daɗe tana sana'ar taliyar Hausa. Na tarar da taliya a shanye a kan igiyoyi, jikarta tana juya ɗan injin hannu. Yawancin masu wannan sana'a da mai da yaji suke sayarwa, ita kuwa da romo take haɗawa. Da kaka, lokacin da ake hada-hadar masara da auduga, yaranta ba sa daɗewa a kasuwa sun sayar.

"Iya, mene ne sirrin?" na tambaye ta.

Ta buɗe tukunya. Ƙafafuwan kaji ne da wuya da ƙashin baya, sai ƙashin gwiwar saniya da ta sa mahauci ya fasa mata.

"Malama, babu sirri sai haƙuri," ta ce. "Tun bayan sallar asuba nake ɗorawa, sai azahar nake saukewa. 'Yan matan yanzu so suke su ɗora su sauke. Ai mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa."

Ta zuba min a kwano, na kurɓa, na ji leɓɓana suna mannewa. Wannan danƙon daga guringuntsi da jijiya da fata yake fitowa in sun daɗe a wuta, shi ya sa romon kirki ke daskarewa in ya huce. Dabarar da ake bin layi dominta a Fukuoka ga ta a murhun Iya, kuma halal tsantsa.

Yadda za ki haɗa naki

Ki samu ƙashin saniya ko na rago da aka fasa, da ƙafafuwa da wuyan kaza. Ki tafasa su na minti 10, ki zubar da ruwan farko, ki wanke. Ki mayar a tukunya da ruwa mai yawa, ki sa albasa, tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro da daddawa. Na kaza awa 3 zuwa 4 ya isa, na saniya ya fi son awa 6. In ruwa ya ja, ki ƙara mai zafi. Gishiri sai a ƙarshe. Ki tace sosai, domin ƙashin kaza tsagewa yake yi, yana iya maƙale wa yaro.

A cikin romon za ki dafa taliyar, ta Hausa ko ta leda. In ta leda ce, ki rage ƙullin ɗanɗanon ko ki ajiye shi gefe. Ki yanka alayyahu ko zogale, ki sa karas da dafaffen ƙwai. Kada ki ɗauka romo kaɗai ya wadatar, domin sinadarin ƙarfafa ƙashi da ke fita cikinsa kaɗan ne. Ƙwan da ganyen da naman da ya saki su ne cikon. In babu firij, kada romo ya wuni a ajiye. Jariri da bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa kaɗai ne abincinsa.

Gobe in za ki aiki yaro wurin mahauci, ki ce a haɗo da ƙashi. Allah ya ciyar da mu da iyalanmu halal, ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.