Fensir Mai Launi

Tun kafin fensir ya iso ƙasar Kazaure, malamanmu sun san sha'anin launi. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a Roni ko Gwiwa, akan yi wa allonsa zayyana da tawada baƙa da ja da rawaya, an dama da ƙaro domin ta kama itace.

Fensir mai launi dangin wannan ne, sai dai busasshe. Garin launi ake kwaɓawa da farar ƙasa da wani irin ƙaro, a busar, a tsoma cikin narkakken kaki, kana a sa cikin itace. Ba a gasa shi kamar fensirin rubutu, gama wuta tana ɓata launi. Staedtler na Nuremberg, a Jamus, ya fito da nasa cikin 1834, Faber-Castell kuwa ya yi Polychromos domin masu zane cikin 1908.

To, kakin nan shi ne abin lura gare mu da za a tura koyarwa. In an bar fensir cikin ranar bazara irin ta Babura, bakinsa yakan yi laushi. Roba kuma ba ta goge shi sarai. Saboda haka mu koya wa yara su fara da launi mai haske, hannu sake, su riƙa ɗora wani bisa wani. Duwatsun Roni ba toka-toka kaɗai ba ne: a fara shimfiɗa ja kaɗan, shuɗi wajen inuwa. Yaron da ya danna tun farko, takardarsa ta yi santsi, ba ta ƙara karɓar kome.