Kifin Tiga Ba Daga Sama Yake Faɗowa Ba

Akwai wata magana da na gaji da ji a kasuwanninmu, tun daga Tiga har Kwanar Ɗangora da Badafi da Tudun Wada. Ka ga an tula 'yan mitsi-mitsin kifi a faranti, waɗanda ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba, ka ce wa mai kayan wannan ai ɓarna ce, amsar da za ka samu ɗaya ce: "Haba malam, kifi ai ba ya ƙarewa, da ruwan sama yake saukowa." Wani har rantse maka zai yi cewa kakansa ya taɓa tsintar tarwaɗa a bayan gida bayan an ɗauke ruwa. Da wannan zance ake kare su da gidan sauro, da shi ake kare zuba guba a ƙorama, kuma da shi mai saye yake kwantar wa kansa da hankali.

Ruwan Tiga dai ba tun fil azal yake nan ba. Gwamnatin Audu Bako ce ta datse Kogin Kano a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, ruwa ya taru ya shafe fili mai faɗin murabba'in kilomita 178 idan ya cika. Daga nan ake shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, daga nan wani kaso na ruwan shan birnin Kano yake fitowa. Kifin da ke ciki jikokin waɗanda ke cikin kogin ne tun kafin a yi dam, da waɗanda aka zuba daga baya. Suna da iyaye, suna da lokacin haihuwa, suna da wurin da suke haihuwar.

To ina batun tarwaɗar bayan gida? Kakan nan bai yi ƙarya ba, fassarar ce ta kuskure. Allah ya yi wa tarwaɗa wata gaɓa a saman matsatsinta da take shaƙar iska da ita, shi ya sa za ka ajiye ta a kwano ba ruwa ta daɗe tana motsi. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi da dare, takan fito daga ƙorama ta bi jiƙaƙƙiyar ciyawa tana jan ciki, tana neman sabon ruwan da za ta zuba ƙwai. Wadda gari ya waye mata a hanya ita ce ake tsinta. Gaiwa kuma nata salon daban ne. Idan kududdufi zai ƙafe sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta har damina ta dawo. Mutum ya ga kududdufin da ya bushe ƙayau a watan Maris ya cika da kifi a watan Yuli, sai ya ɗaga kai sama. Da ƙasa ya duba da ya fi kusa da gaskiya.

A duba yadda karfasa take haihuwa, tunda ita ce aka fi kamawa. Namijin yana haƙa ɗan rami a yashi, a inda ruwa ba shi da zurfi. Macen ta zuba ƙwai, sannan a irin karfasar da aka fi sani ta kwashe su a bakinta, ta riƙe su sama da mako guda ba ta cin komai, har su ƙyanƙyashe su ɗan yi ƙwari. Ko bayan sun fito, in suka ga haɗari bakin uwar suke komawa. Ƙwan da take yi a zubi ɗaya daga ɗaruruwa ne zuwa kamar dubu biyu, gwargwadon girmanta. Duk wanda ya ja taru a gefen ruwa a wannan lokaci ya kama mace ɗaya, ya kashe ɗaruruwa ke nan bai ko gan su ba. Tarwaɗa ta fi ta yawan ƙwai nesa ba kusa ba, dubun-dubata take zubawa a cikin ciyawar da sabon ruwa ya rufe, amma ba ta tsaron su, kuma kaɗan ne ƙwarai ke kai wa girma ko da ba mai taɓa su. Gefen ruwan nan mai ciyawa, da bakin ƙoramun da ke gangarowa daga wajen dajin Falgore, nan ne ƙananan kifi ke fakewa. Nan ne kuma daidai inda yara da manya suke shimfiɗa gidan sauro, don nan ne ƙafa ke taka ƙasa.

Wani zai ce to ai ga shi shekara hamsin ana su a Tiga, kifi bai ƙare ba. A tambayi dattawan masunta girman ragon ruwan da suke fitowa da shi suna samari, a kwatanta da na yau. Ƙarewar kifi a babban ruwa ba ta zuwa rana ɗaya. Manya ne ke fara ɓacewa. Sai masunci ya ga kallinsa mai faɗin ido ya daina kamu, ya sayo mai ƙaramin ido. Shi ma ya daina, ya ƙara matsewa. Karfasa kuwa idan aka matsa mata da kamu takan soma haihuwa tun tana ƙarama, sai ruwa ya cika da ƙananan da ba sa cika tafin hannu, mutum ya ga yawa ya ɗauka albarka ce. Manomi ba ya cinye irinsa ya ce damina za ta kawo wani, amma abin da ake yi ke nan a bakin ruwa, ana dariya.

Mun ga yadda ta kaya a wasu wurare. Bayan an kammala dam ɗin Kainji a 1968, kifi ya yi ambaliya na 'yan shekaru, masunta suka yi tururuwa daga ko'ina, kafin ƙarshen shekarun 1970 kamun ya faɗi warwas. Daga baya sai da hukuma ta tashi haiƙan a kan tarun dala, wanda ake ja zuwa gaɓa yana share komai. Kainji kuwa ya ninka Tiga sau da yawa. In ana ganin wannan tafki ne, to ga teku: a gabar Kanada ta gabas an shafe ɗaruruwan shekaru ana kama wani kifi da ake kira kod, har ana ganin ba abin da zai taɓa shi. A 1992 gwamnatin ƙasar ta rufe kamunsa saboda ya kusa ƙarewa, mutane wajen dubu 30 suka rasa sana'a. Su ma ruwan sama yana sauka a can.

Gaskiya ne akwai wasu dalilan raguwar kifi, kamar yashi da ke cike dam da maganin feshin gona da ke gangarowa, amma ba su nake magana a kai ba yau.

Batun guba shi ya fi ci mini rai. Gamalin da ake zubawa a ƙorama ko kududdufi in ruwa ya ja baya, maganin ƙwarin koko ne, sinadarin da ke cikinsa ana kiransa lindan. Ƙasashen duniya sun sanya shi cikin jerin haramtattun sinadarai a 2009 ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm, kuma a 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo wa ɗan Adam sankara. Ba ya zaɓe: babba da ƙarami, ƙwai da kwaɗo, duk yana kashewa. Masu cewa suya ko banda na kashe gubar su daina yaudarar mutane. Wannan sinadari a kitsen kifi yake laɓewa, wuta ba ta raba shi da naman gaba ɗaya. Wanda ya ci da yawa yana iya kamuwa da amai da jiri har da farfaɗiya. Ruwan kuma shi ne Fulani za su shayar da shanu, shi mata za su ɗiba a ƙasa da wurin. Mutum ya yi alwala ya yi sallah, sannan ya ɗauki abin da ya san guba ce a ciki ya sayar wa ɗan'uwansa ya kai wa iyalinsa, ban san sunan da zan kira wannan ba in ba cin amana ba. Shi ma gidan sauron da ake rabawa kyauta don kare mata masu ciki da yara daga zazzaɓin cizon sauro, an jiƙa shi da maganin ƙwari mai illa ga kifi. An cire shi daga kan gadon yaro an kai ruwa, an yi asara biyu.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana taru mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, sai a wasu keɓaɓɓun nau'o'in kamu. Tun kafin doka ma al'adarmu ta san da wannan. Abin da ya sa ake fito da giwan ruwa da sai an taru a ɗaga a bikin Argungu shi ne ana hana su a kogin Matan Fada tsawon shekara, Sarkin Ruwa na tsaye a kai, sai ranar biki a buɗe.

Saboda haka, 'yan'uwa masunta, gyaran a hannunku yake kafin na kowa. Ku auna idon tarunku: in yatsu uku na babban mutum ba sa shiga a sake, ya yi ƙanƙanta. Daga saukar ruwan farko zuwa tsakiyar damina ku ɗaga wa gefen ruwa da bakin ƙoramu ƙafa, ku yi zurfi, ko ku koma ga mamari mai manyan ƙugiyoyi. Karfasar da kuka ga bakinta a kumbure da ƙwai ku mayar da ita da ranta, haka duk wanda bai kai tafin hannu ba. In kun kafa tarkon mali kada ku toshe bakin ƙorama gaba ɗaya, ku bar wa kifi hanyar hawa. Tsohon tarun leda da ya yage kada a jefar a ruwa, don yana ci gaba da kamu shekara da shekaru ba mai amfana. A fito da shi tudu. Na san mai iyali ba zai ajiye kwale-kwale wata uku ya zauna da yunwa ba, kuma in kai ka bari wani ya je ya kwashe, kai ne ka yi asara. Shi ya sa abin ba na mutum ɗaya ba ne. Kowane mashigi ya zauna da Sarkin Ruwansa da mai unguwa da dagaci, a ware wani lungu a ce nan ba a su sai wata kaza, a yanka tarar da kowa ya yarda da ita, a sanar a masallacin Juma'a. Yawancinku kuna da gona, watannin hutun ruwan kuwa su ne watannin shuka da noma.

Ku kuma masu zuwa shan iska daga birni lokacin sallah, da malaman da ke kawo ɗalibai ganin dam, kuɗinku ne ke juya kasuwar. In kun daina sayen soyayyen ɗan mitsitsi, mai gidan sauro zai rasa wanda zai sayar wa. Ku sayi kifin da kuka ga an fito da shi daga kwale-kwale yana motsi, ko wanda matsatsinsa ja ne, idonsa garau, namansa da tauri. Tulin da ya haɗa kowane iri da kowane girma, duk a mace, jiki ya yi laushi da wuri ko yana wani wari irin na magani, ku wuce shi komai arharsa. Ido kaɗai ba ya tabbatar da babu guba, don haka ku riƙe mai kifin da kuka sani. Haka kifin banda: wanda ƙuda ko ɗaya ba ya sauka a kansa a tsakiyar kasuwa abin tambaya ne, don akwai masu yayyafa masa fiya-fiya. In kuma za a hau kwale-kwale yawo, a nemi rigar ruwa, a ƙirga mutane kafin a tashi, kada a bar yara su faɗa wanka a inda ba a san zurfinsa ba, ga kututturan itatuwa a ƙasa, ga tsargiya a ruwan gefe. Wanda ya ci kifi ya soma amai da jiri ko jijjiga, kada a tsaya ba shi manja ko madara, a kai shi asibiti mafi kusa, a tafi da ragowar kifin a nuna wa likita.