KAFIN A BIYA KUƊIN MOTA, A BINCIKI TARIHINTA

Idan kaka ta yi kyau a ƙasar Jabo, aka cika rumbu da gero da dawa, aka sayar da wake da albasa, sai tunanin sayen mota ya faɗo wa mutane da yawa. Wani yana son ƙaramar mota ya sa ta haya tsakanin Tambuwal da Sakkwato. Wani akori-kura yake nema don kai kaya kasuwa. Wasu kuwa 'yan gida ɗaya ne suka haɗa kuɗi, don su sami abin kai mara lafiya asibiti idan dare ya yi.

Ba kasafai ake sayen sabuwa dal ba. Ta hannu ake saye, wadda ake kira Beljiyam ko 'yar Kwatano. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Sau da yawa sai an haɗa da shanun huɗa, wani lokaci har da jinginar da gona. Idan motar ta zama ta banza, gida guda ne ya shiga uku.

Mai sayen sa a kara ba ya yarda da maganar dillali kawai. Sai ya buɗe bakin sa ya duba haƙora, domin haƙori ba ya ɓoye shekaru. To, ita ma mota tana da nata haƙoran. Sai dai ba a cikin inji suke ba. A rubuce suke, kuma wanda ya iya karatu ne yake ganin su.

Lambar shasi

Kowace mota tana da lambar da kamfani ya ba ta tun ranar da aka ƙera ta. Kanikawa suna kiran ta lambar shasi. A takardun mota akan rubuta VIN a gabanta. Ba ita ce lambar da ake maƙalawa gaba da baya ba. Waccan ana iya sauya ta. Wannan kuwa da ita mota take zuwa, da ita take mutuwa.

Tun daga 1981 motocin da ake sayarwa a Amurka suke ɗauke da lamba mai gurbi 17, haruffa da alƙaluma a gauraye. Motocin Turai ma haka suke. Ana samun ta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. Ana samun ta a jikin ƙofar direba idan an buɗe. A motoci da yawa kuma an buga ta a jikin ƙarfe, ko kusa da inji ko a ƙasan kujera.

Aikin farko shi ne mai saye ya kwafe ta da hannunsa a takarda. Ya ƙirga ya ga ta cika 17. Sannan ya gwada ta gilashi da ta ƙofa da ta jikin ƙarfe da ta cikin takardu. Dole su zama ɗaya, harafi da harafi. Idan guda ɗaya ya saɓa, ko aka ga alamar walda ko kankara a wurin da aka buga ta, to, ciniki ya ƙare. Mai yiwuwa ta sata ce, ko kuwa takardun wata motar aka ɗora mata.

Akwai abin lura ga sababbin masu karatu. A cikin wannan lamba ba a sa haruffan I da O da Q. An cire su ne don kada a rikita su da 1 da 0. Saboda haka duk abin da ya yi kama da O, sifiri ne.

Lambar da kanta tana magana. Harafin farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar. J na Japan ne, W na Jamus, K na Koriya. Idan ta fara da 1 ko 4 ko 5, Amurka ce, 2 kuma Kanada. Golf 'yar Jamus takan fara da WVW, Fijo 'yar Faransa da VF3. A motocin Amurka da Kanada, gurbi na goma yana nuna shekarar samfurin. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne, 1 zuwa 9. Harafin A shi ne 2010, B 2011, C 2012. Idan dillali ya rantse cewa mota ta 2010 ce, amma gurbi na goma ya nuna 6, an kama shi tun kafin a tayar da inji.

Tarihin da yake cikin kwamfuta

A da, kowace mota tana zuwa da ɗan littafin sabis. Duk lokacin da aka kai ta gareji aka yi juyen baƙin mai, ko aka sauya birki, sai a rubuta kwanan wata da yawan tafiyar da ta yi, a buga hatimi. Tsofaffin Golf da Sharon har yanzu wasu kan zo da nasu a aljihun gaba. Idan an samu, a karanta shi shafi-shafi.

Yanzu a ƙasashen da motocin suke fitowa, yawancin wannan rubutu ya koma kwamfuta. Gareji yana rubutawa. Masu duba lafiyar mota na hukuma suna rubutawa. Kamfanin inshora ma yana rubutawa idan an yi haɗari. Dukansu da lambar shasi suke ajiye bayanin. Don haka ko mota ta ƙetare teku, labarinta yana can a ajiye.

Motocin kuwa ba kaɗan ba ne. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan. Kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su.

Motar da ta fito daga Amurka ko Kanada ita ce ta fi sauƙin bincike. Akwai kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck. Ana shiga shafinsu na intanet, a rubuta lambar, a biya kuɗi da katin banki, su fito da rahoto. Rahoton da Turanci yake. Wanda bai kai can a karatu ba sai ya nemi malamin makaranta ko wani ɗansa amintacce, su je shagon kwamfuta a Tambuwal ko Sakkwato. Babbar wayar hannu ma tana yi.

Amma mai saye shi ne zai nemo rahoton da kansa. Kada ya dogara da takardar da mai sayarwa ya miƙo masa. Gyara rubutu a kwamfuta ba shi da wuya.

Agogon tafiya

Abu na farko da za a nema a rahoton shi ne yawan tafiya. Nan ne aka fi cutar mutane. Agogon da yake ƙirga tafiyar mota ana iya mayar da shi baya. Na da, mai juyawa, da hannu ake yi. Na yanzu mai haske, da na'ura ake yi cikin ɗan lokaci. Mai saye ya ga ƙaramar lamba ya yi murna, alhali injin ya tsufa tukuf.

Shi rahoto jera tafiyar yake yi shekara da shekara. Alal misali, a ce ya nuna mota ta yi 120,000 a 2016, ta yi 150,000 a 2018, ta yi 185,000 a 2021. Yau ga ta a gaban mai saye, agogonta yana nuna 95,000. Ba sai an yi gardama ba. Tafiya ba ta raguwa, kamar yadda shekarun mutum ba sa komawa baya.

Har ila yau akwai wani tarko. Amurkawa da mil suke ƙirga tafiya, ba da kilomita ba. Mil ɗaya ya kai kilomita ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Watau motar Amurka da ta nuna 100,000 ta yi tafiyar kilomita 160,000 ke nan. Bambancin kilomita 60,000 ne. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato wajen kilomita 100 ne. A lissafa, an ɓoye wa mai saye zuwa da dawowa har sau 300.

Me ya sa wannan ya zama abin damuwa? Domin kayan mota da tafiya suke ƙarewa. Kuloci da giyabos da bel ɗin tayimin duk suna da iyaka. Wanda ya zaci motarsa yarinya ce ba zai sauya bel a kan lokaci ba. Ranar da ya tsinke a kan hanyar Kebbe, a wasu motocin har inji yake ɗauka ya tafi da shi.

Haɗari da ambaliya

Abu na biyu shi ne haɗari. Motocin Amurka da yawa da ake kawowa ƙasar nan daga gwanjon inshora aka sayo su. Watau sun yi haɗari, kamfanin inshora ya ga gyaransu bai biya ba, ya biya mai su, ya yi gwanjon gawar. Ana kawo su a lotse, a buga bodi, a fesa fenti, su fito kamar amare. Idan an ga kalmar Salvage a rahoto, abin da take nufi ke nan. Sau da yawa idan an rubuta lambar shasi a intanet, hotunan motar na ranar gwanjo sukan fito, a ga inda ta bugu.

Ba kowace mai haɗari ce abin gudu ba. Wadda ƙofa ko bamba kawai ta taɓu, aka gyara da kyau, tana iya yin shekaru tana aiki. Abin da ake so shi ne a sani, a kuma rage kuɗi daidai da aibin. Amma wadda shasinta ya lanƙwashe ba ta sake tafiya daidai. Za ta riƙa cin taya ta gefe ɗaya, tana fizgar sitiyari.

Wadda ta fi muni ita ce mai kalmar Flood, watau wadda ruwa ya shanye. A 2017 guguwar Harvey ta jawo ambaliya a birnin Houston na Amurka, motoci dubban ɗaruruwa suka nutse. Irin wannan mota takan tashi lafiya ranar ciniki. Bayan 'yan watanni sai wayoyin wuta su fara ruɓewa. Yau fitila, gobe gilashi, jibi ƙwaƙwalwar motar baki ɗaya. Ko ba rahoto, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, a leƙa ƙarƙashin kujeru a nemi tsatsa da busasshen taɓo.

Motocin Turai

Su waɗannan bincikensu ya ɗan fi wuya, domin kowace ƙasa da nata tsari. Kuma ba duk motar da ake kira Beljiyam ce 'yar Beljiyam ba. Daga Jamus da Holan da Faransa ake tattaro da yawa, a yi lodinsu a tashar jirgin ruwa ta Antwerp. Sunan ƙasar da tashar lodin take ne ya bi su.

Ita ƙasar Beljiyam ta kafa doka a 2004 don hana mayar da agogo baya. Tun 2006 duk wanda zai sayar wa mutum motar hannu a can sai ya ba shi wata takarda mai suna Car-Pass, wadda ta jera tafiyar motar. Ba kowace mota take isowa da ita ba, amma a tambaya. Kamfanoni irin su Mercedes-Benz da BMW da Volkswagen kuma sun mayar da littafin sabis na sababbin motocinsu cikin kwamfuta. Garejin da kamfanin ya amince da shi ne yake iya buɗewa ya buga a takarda.

Inda rahoto yake tsayawa

Rahoton waje yana ƙarewa ne ranar da mota ta hau jirgin ruwa. Abin da ya same ta daga Kwatano ko Legas zuwa Sakkwato ba ya ciki. Motar da ta yi shekara biyar tana lodin fasinja a ƙasar nan, ba wanda ya rubuta juyenta a kwamfuta. Ko a can ƙasar waje, wanda ya yi gyara a bayan gidansa bai sanar da kowa ba. Saboda haka rahoto mai tsabta ba ya nufin mota lafiya lau take. Shi dai yana tona ƙarya, ba ya ba da lamuni.

Nan ne bakanike yake shigowa. A tafi da wanda mai saye ya sani, ba wanda dillali ya kawo ba, tun da la'adar dillali sai ciniki ya faɗa take fitowa. A tayar da inji da safe yana sanyi, a ga irin hayaƙin da zai fitar. A duba roban birki da kuloci da fatar sitiyari. Idan sun suɗe sumul amma agogo yana nuna ƙaramar tafiya, akwai magana. Wasu kanikawan birni suna da 'yar na'urar da suke jonawa a ƙasan sitiyari, ta karanto matsalolin da ƙwaƙwalwar motar ta ajiye.

Saura takardun gida. A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka ce sai ta tashar jirgin ruwa. Motocin da aka bi da su ta daji bayan haka sukan zo da takardun fito na jabu. Jami'an kwastan suna iya kama irin wannan mota a hannun wanda ya saya, ko da bai san komai ba. A Oktoba 2025 Hukumar Kwastan ta buɗe wani shafi na intanet inda ake sa lambar shasi a ga ko an biya kuɗin fito. Ana kuma iya kai takardun ofishinsu na Sakkwato a tantance. Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ma tana da shafin da ake duba lambar gaba da baya, a ga ko irin motar da aka yi wa rajista ita ce wannan.

Malamai suna karantarwa cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar mayar da kaya. Amma a gaban alƙali shaida ake nema. Don haka ranar biya a rubuta takardar ciniki. A sa sunan mai sayarwa da na mai saye, da kuɗin, da lambar shasi duka 17, da lambar inji, da abin da agogo ya nuna a ranar. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Daga nan sai ofishin lasin, a mayar da takardun da sunan sabon mai ita.