Sauyin Yanayi: Dabarun da Ƙasashe Masu Tasowa Ke Bi

Ƙasashe masu tasowa ne suka fi ɗanɗana kuɗar sauyin yanayi, alhali ba su ne suka fi haddasa shi ba. Hayaƙin da Afirka baki ɗaya ke fitarwa daga ƙona kwal da man fetur da gas bai kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba. Sai dai yawancin manomanta da ruwan sama suka dogara, don haka da zarar damina ta makara, ko ta ɗauke da wuri, ko ta zo da ambaliya, sai rumbu ya kwana babu hatsi. Aikin da ke gaban waɗannan ƙasashe iri biyu ne: rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, da kuma gyara noma da gini da zaman gari domin jure sauyin da ya riga ya iso. Dabarar da ta fi amfani ita ce wadda ke biyan buƙatun biyu a lokaci guda.

Misali mafi kusa yana jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar. Bayan farin shekarun 1970, gonaki sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, ga dashen itatuwa ya ƙi kamawa. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa lokacin sharar gona daga kututturen itatuwa masu rai suke fitowa. Daga nan aka fara sassaben zamani: manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi. Tun da saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, itacen kan girma da sauri ba tare da ban ruwa ba.

Gawo ne ya fi cin moriyar wannan tsari. Yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. An ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Abin da ya ƙarfafa gwiwar manoma shi ne sassauta dokar gandun daji, wadda a da ta mayar da itacen gona mallakar hukuma. Da mutum ya tabbata itacen nasa ne, sai ya tsare shi. Itatuwan na rage zafi da zaizayar ƙasa, suna kuma zuƙe iskar da ke ɗumama duniya.

A Burkina Faso, Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da zai, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa taki tun da rani domin su tara ruwan farko. Haka ma ramukan rabin wata da jeren duwatsu na hana ruwa gudu a kan fako. Irin waɗannan ayyuka ne shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya koma yana dogara da su.

Gargaɗi da wuri shi ma yana ceton rayuka. A Bangladesh, guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Ƙasar ta gina dubban mafaka masu bene, ta horar da 'yan sa-kai masu shela ƙauye-ƙauye. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, an kwashe fiye da mutum miliyan 2 kafin ta sauka, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 100 ba. Ambaliyar 2022 a Nijeriya, wadda ta halaka fiye da mutum 600, da ɓallewar madatsar ruwa ta Alau kusa da Maiduguri a 2024, sun nuna cewa hasashen hukumar yanayi ta NiMet ba ya wadatarwa sai an haɗa shi da gyaran madatsu, da yashe magudanai, da hana gini a hanyar ruwa.

Ta fannin makamashi, Kenya na samun kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkinta daga tururin ƙarƙashin ƙasa da ruwa da iska da rana, Maroko kuma ta gina babbar tashar hasken rana ta Noor a Ouarzazate. A ƙauye, famfon sola na rage wa mai noman rani kuɗin fetur, murhu mai tsimin itace kuma na rage sare daji da hayaƙin da mata ke shaƙa.

Babban cikas shi ne kuɗi. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, amma sai a 2022 aka cika shi, kuma kaso mai yawa bashi ne. A taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a 2022 aka amince da asusun biyan asara da ɓarna, a Baku kuma a 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa dala biliyan 300 duk shekara nan da 2035. Amfanin wannan kuɗi ya rataya ne a kan isarsa ga manoma da makiyaya da ƙananan hukumomi, domin a hannunsu aikin yake.