Daga Allo Zuwa Takarda: Abin da ke Ɓata Hoto a Hannun Mai Wanke Shi

Shirinmu na yau zai yada zango a Aujara, ta ƙaramar hukumar Jahun a masarautar Dutse, domin mu yi bahasi a kan wata mas'ala da ke ci wa samarin da suka riƙi sana'ar hoto tuwo a ƙwarya, su da masu kawo musu aiki.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai hoto ranar kasuwa, ko lokacin da ɗalibai ke rajistar NECO da JAMB, ko sa'ad da maniyyata ke neman fasfo, ya san irin abin da kan faru. Dattijo zai zo cikin farar babbar riga mai aska takwas, a ɗauke shi, a nuna masa kansa a allon kwamfuta fuska tana annuri, ya yi hamdala. Amma da takarda ta fito daga firinta, sai ga fuska ta yi duhu har ba a bambance ido da gira, farar riga kuwa ta koma ruwan toka. Sai dattijo ya ce, "Yaro, anya wannan ni ne?" Yaro ya sunkuyar da kai, ya ɗora wa na'ura laifi, alhali sau da yawa na'urar ta yi abin da aka umarce ta ne.

Asalin illar tana cikin wata ƙa'ida da malaminmu Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir, cewa ido ba ya ganin abu sai haske ya taso daga abin ya shige shi. To, allon kwamfuta da kansa yake fitar da haske, yana gauraya ja da kore da shuɗi, ita kuwa takarda ba ta da hasken kanta, sai wanda ta aro daga rana ko fitila ta mayar wa ido bayan tawada ta shanye wani kaso nasa. Saboda haka wanda ya ƙure hasken allonsa, kamar yadda akasarinmu ke yi, ya yaudari idonsa tun kafin ya fara gyara. Maganin abin shi ne ya rage hasken har farin allo ya kusanci farin takardar da ke hannunsa, sa'an nan ya buga ɗan ƙaramin gwaji, ya fita da shi bakin ƙofa ya duba a hasken rana. In fuska ta yi duhu, ita kaɗai zai zaɓa ya ƙara wa haske, domin in ya haskaka hoton gaba ɗaya, ɗinkin wuyan rigar zai ɓace cikin fari, kuma a ganina wannan ma tauye haƙƙin mai riga ne.

Mas'ala ta biyu ta fi ɓuya. Manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar da ita a 1990, tana iya sarrafa launi da kanta wajen bugawa. Firinta ita ma tana da nata ma'aunin. Idan aka bar su duka biyu suna gyara launi ɗaya, hoto kan fito da ja ko kore wanda babu shi a asali, domin limamai biyu ba sa jan salla ɗaya. Wajibi ne a ba ɗaya ragama a kashe na ɗayar, kuma wanda ba shi da bayanin launi na takardar da yake aiki da ita, ya fi masa sauƙi ya bar wa firinta. Haka nan masu aiki da CorelDRAW su sani, mayar da hoto tsarin launi huɗu na maɗaba'a kafin a aika wa ƙaramar firinta ta tebur kan dusashe shi, gara a bar shi a tsarin launi uku da kyamara ta ɗauka. Kada kuma a manta a gaya wa firinta cewa takarda mai sheƙi aka sa mata, don yawan tawadar da take zubawa ya danganta da wannan bayani.

Sai batun hoton da ake turowa ta WhatsApp, wanda manhajar kan matse shi ta rage ɗigoginsa. Ƙa'idar masu sana'a ita ce ɗigo 300 a kowane inci, watau hoto mai inci 4 da 6 yana bukatar ɗigo 1200 da 1800. Wanda ya gaza haka da yawa, in aka faɗaɗa shi, dishi-dishi zai fito. A roƙi mai hoton ya turo shi a matsayin fayil, ko a ciro shi daga wayar da kebul. Kuma da yake fasalin hoton waya ya saɓa da fasalin takarda, gara mai gyara ya yanke gefen da hannunsa, kafin na'ura ta yanke wa bawan Allah rabin hula.

Yanzu mu dubi na'urar kanta, domin yanayin ƙasarmu ba ya raga mata. Ƙurar hunturu da zafin bazara sukan busar da tawada a ƙananan kafofin kan firinta, waɗanda suka fi gashi siranta, alamar haka kuwa ita ce layi-layi a jikin hoto, ko wani launi ya ɗauke ɗungurum. Kafin a yi komai, a buga takardar gwajin kafofi, wadda firintocin Epson da Canon duka suke da ita, a ga launin da ya toshe, sa'an nan a ba da umarnin wanke kai sau ɗaya ko biyu, a bar na'ura ta huta. Yawan wankewa a jere asarar tawada ce, kuma yana cika soson da ke tsotse rarar. Firintar da ake buga ɗan abu da ita kowane 'yan kwanaki ba ta cika toshewa ba. A riƙa kashe ta da maɓallinta kafin a kashe janareta, domin kan ya koma mazauninsa ya rufu, a kuma lulluɓe ta da ƙyalle. Gauraya tawadar kamfani daban-daban cikin tanki ɗaya don neman rahusa kuwa, ban ga hikima a cikinsa ba.

Da damina, a ajiye takarda cikin ledarta kada raɓa ta lanƙwasa ta, kuma a bar hoto ya bushe sarai kafin a ɗora wani a kansa ko a sa masa laminashan. Yawancin ƙananan firintocin hoto da ke shagunanmu tawadar rini suke sha, wadda rana ke koɗar da ita, don haka amana ce a kan mai hoto ya gaya wa wanda ya kawo aiki ya sa hoton a firam mai gilashi, ya rataye shi a bangon da rana ba ta duka.

A nan za mu dakata sai wani makon, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.