Me ya sa sabon jirginka mara matuƙi ke mayar da koren gona ruwan hoda?

A cikin watan Agustan daminar da ta wuce mun ɗaga wani sabon jirgi mara matuƙi, irin ƙananan nan masu kyamara da samari ke kira duron, a kan wata gonar dawa a ƙaramar hukumar Ajingi. Kwanansa huɗu da fitowa daga kwali. Da hotuna suka sauko sai muka ga gefe guda na gonar ya yi ja-ja, kamar an yayyafa masa ruwan hoda. Mai gonar, wani dattijo, ya leƙa wayar ya ce, "To malam, ai sai a nemo sufa." Ba shi da laifi, domin ƙarancin sinadarin fosfaras yakan sa ganyen dawa da na masara ya yi shunayya, kuma takin sufa ne maganinsa. Amma da muka taka har wurin, sai muka tarar da ganye kore shar. Gona lafiyarta lau, kyamara ce ba ta da lafiya.

Idan kai ma ka sayi irin wannan jirgi, ko don ɗaukar biki, ko awon filaye, ko duba gona, wata rana za ka iya ganin launin da bai yi maka ba. A ranar kana buƙatar sanin abu biyu: shin aibi ne daga masana'anta ko kuwa saiti ne, kuma idan aibi ne, da me za ka gamsar da mai shago kafin lokacinka ya ƙure.

Fara da sanin wannan: sensar kyamara, wato ɗan farantin silikon da ke bayan gilashi, ba ta ganin launi ko kaɗan. Abin da ta iya shi ne ƙirga yawan hasken da ya faɗo a kan kowane ɗigo nata, wanda ake kira fiksel. Don a samu launi, sai aka shimfiɗa wa ɗigogin ƙananan matatu kamar zanen tabarma: wani ɗigo ja kawai ke isa gare shi, wani kore, wani shuɗi. Wani masani a kamfanin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya tsara wannan shimfiɗa, ya samu rajistarta a 1976, kuma har yau ita ce a kusan kowace waya da kowane duron. A cikin kowane ɗigo huɗu, biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, saboda idon ɗan Adam ya fi kama kore. Ke nan a kyamara mai fiksel miliyan 12, miliyan 6 kore kaɗai suka sani. Sauran launukan da kowane ɗigo ya rasa, 'yar ƙwaƙwalwar kyamara ce ke ƙiyasta su daga na maƙwabtansa.

To ka ga launin da ke hotonka lissafi ne. Kuma kafin ya iso idonka ya bi doguwar hanya: gilashi, matatu, sensa, wata siririyar waya da ta ratsa wuyan kyamara, ƙwaƙwalwa, memori, sannan fuskar wayarka. Duk inda aka samu tangarɗa a hanyar nan, sensa ake zagi, alhali sau da yawa ba ruwanta.

Saboda haka ka fara daga inda ba ya cin kuɗi. Abin da kake gani a waya lokacin da jirgi ke sama an matse shi ne an aiko ta iska, don haka in sigina ta yi rauni za ka ga murabba'ai kore da shunayya suna tsalle. Cire memori, ka buɗe ainihin hoton a kwamfuta ko wata wayar. Duba kuma ko wayarka na kan yanayin kare ido da dare, wanda ke mayar da komai ruwan ɗorawa. Na taɓa ganin wanda ya kusa komawa Kano daga Gaya a kan wannan kaɗai. Sai ka duba gaban gilashin: an cire 'yar ledar da ake liƙa wa sabo? Ka ɗora masa baƙar matatar rage haske mai arha? Irin waɗannan sukan rina hoto gaba ɗaya.

Sai babban mai laifi, wato daidaita fari, wanda za ka gani a saiti da haruffan WB. Ƙwaƙwalwarka tana ganin farar riga fara ce ko da rana ko a ƙarƙashin fitila, amma kyamara sai ta yi hasashe. Idan tana kan hasashen kanta, takan ɗauka cewa in aka gauraya duk abin da ke cikin hoto ya kamata a samu ruwan toka. Ka kai ta saman gonar da babu komai sai kore, sai ta ce koren ya yi yawa, ta ƙara kishiyarsa, wato ruwan hoda mai sirkin shunayya. Ka kai ta kan jan rairayi da rani, sai ta zuba shuɗi. Hazon hunturu ma haka yake ruɗa ta. Maganin shi ne ka tsayar da shi da hannu a wajen 5500K, wanda ya yi daidai da hasken rana. In kuma bidiyo ya fito a koɗe kamar an wanke shi, duba ko an sa shi a yanayin nan na masu tace fim da ake kira Log. Wannan da gangan aka yi shi haka.

In duk ka bi waɗannan launin yana nan, to yanzu aka zo wurin. Gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne mafi sauƙi, kuma shi ya warware mana namu. Ka ɗauki hoto, ka juya jirgi ya kalli wata fuska, ka sake ɗauka, har sau huɗu. Idan tabon ya tsaya a kan wuri guda na gona, gona ce. Idan ya bi kyamara, kullum yana kusurwa guda ta hoto ko ina ka kalla, to a cikin kyamara yake. Namu yana sama ta hagu, ko mun kalli gabas ko yamma.

Daga nan ba sai ka tashi jirgi ba. Ajiye shi a inuwa, ka cika hoton da farar takarda ko farin bango, ka ɗauka a tsarin RAW da JPEG duka biyu. RAW shi ne ɗanyen ƙirgen sensa kafin a taɓa shi. In lahanin yana JPEG kaɗai, matsalar lissafi ce, kuma sabunta manhajar jirgi ko mayar da saiti na asali kan iya gyara ta. Sai dai ka lura, ɗan duhu ko ɗan sirkin launi iri ɗaya a kusurwoyi huɗu na ɗanyen hoto ba aibi ba ne, haka ƙananan kyamarori suke, manhaja ce ke share shi. Wanda ya karkata gefe guda shi ne abin tuhuma.

Akwai wata matata da mutane ba su cika sanin da ita ba, kuma ita ta fi ba ni sha'awa. Idonmu yana ganin haske ne daga tsawon zango kusan nanomita 400 zuwa 700. Silikon kuwa yana ji har wajen 1100, cikin hasken infirared da ba ma gani. Shi ya sa ake sa wani siririn gilashi a gaban sensa ya tare shi. Abin da ya sa wannan ya shafi gona musamman shi ne, ganye mai lafiya yana mayar da infirared da yawa ƙwarai, fiye da yadda yake mayar da kore. Masu binciken noma da wannan hasken suke auna lafiyar shuka daga sama. Amma in ya sulale cikin kyamarar da ba a shirya ta dominsa ba, saboda matatar ta goce ko ta yi rauni, sai ya ratsa ɗigogin ja da na shuɗi, gonar da ta fi kowacce lafiya ta fito ruwan hoda.

Ba ƙananan kamfanoni kaɗai abin ke samu ba. A 2006 kamfanin Leica na Jamus ya fitar da kyamararsa M8 da matatar da ta yi siranta, baƙaƙen tufafi na roba suka riƙa fitowa shunayya, har sai da kamfanin ya ba masu saye matatun ɗorawa kyauta. Wannan labari ya ba ka gwaji a cikin gida: ari baƙar abaya ko baƙin hijabi na yadin roba, ka shimfiɗa a rana, ka ɗauka da duron ka kuma ɗauka da wayarka. A namu, abayar ta fito baƙa a ko'ina sai a waccan kusurwa, inda ta koma ruwan makuba.

Gwaji na ƙarshe na duhu ne. Rufe gilashin ruf, ka ɗauki hoto, ka faɗaɗa shi a kwamfuta. 'Yan ɗigogi ja ko shuɗi da ke ƙyalli fiksel ne masu yoyon lantarki, kuma suna ƙaruwa in sensa ta yi zafi, don haka kada ka yi gwajin da jirgin da ya wuni a bayan mota cikin zafin Afrilu. Ɗigo biyu ko uku cikin miliyoyi ba lalle a karɓa a matsayin aibi ba. Layi guda da ya ratsa hoto daga sama har ƙasa, wannan aibi ne. Layukan da ke zuwa suna tafiya in kyamara ta motsa wuya kuwa, sau da yawa siririyar wayar nan ce ta saki.

Masu ɗaukar biki, ga naku. Ratsin da ke yawo a bidiyo cikin zauren taro yawanci daga fitilu ne, domin wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Sa gudun shata a 1/50 ko 1/100 ka gani. Amma fitilar leza ta masu kiɗa, in ta haska gilashin kai tsaye, tana iya ƙona fiksel nan take, kuma wannan ba aibin masana'anta ba ne, kada ka sa ran garanti a kansa.

Da zarar ka tabbatar aibi ne, ka daina tashin jirgin. In ya faɗi ko ya bugi bishiya, an samu abin fakewa. Kada kuma ka kai wa mai gyaran waya ya "ɗan duba". Masu gyaranmu gwanaye ne, amma sukurun farko da aka kwance zai iya kashe garantin. Tara hujjarka: hotuna huɗun nan na juyawa, na farar takarda, na duhu, yadda suka fito daga memori. Kada ka dogara da wanda ka tura ta WhatsApp, domin yana matse hoto ya kuma goge bayanan kwanan wata da saiti da ke cikinsa. Haɗa da kwali da rasit, kuma rasit ɗin ya kasance da lambar jikin jirgin.

Abin da ke cutar mutanenmu shi ne garantin masana'anta yawanci na yankin da aka sayar da kayan ne. Jirgin da aka ɗauko daga Dubai ko Sin, can garantinsa yake, kuma shigo da duron Najeriya yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka aika shi waje a dawo da shi ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda ya sayar maka shi ne mafi kusa, kuma doka tana bayanka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku a gyara, a canza, ko a biya ka. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Kafin a kai can, yawancin 'yan kasuwarmu sun san hukuncin mayar da kaya saboda aibi a fiƙihu, kuma tunatarwa cikin mutunci takan yi aiki.

Mu da muka koma shagon a Kano, da farko cewa aka yi ƙura ce. Sai muka roƙa a buɗe wani irinsa, muka ajiye su gefe da gefe, muka ɗauki farar takarda ɗaya da abaya ɗaya. Mai shagon ya dubi hotunan biyu, ya yi shiru, ya ce yaronsa ya canza mana. Sabon ma sai da muka yi masa gwajin takarda da na duhu a kan kantarsa kafin mu fita. Da muka koma Ajingi dawar ta fara fitar da kai, kuma dattijon bai sayi sufar ba.